Zanen Goggo da farar kujerar motata

A watan Afrilun bara, ana tsakiyar zafin bazara, na ɗauki Goggona daga Damagaram zuwa Mirriya wajen bikin wata jikarta. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Ta yi kwalliya da wani baƙin zane na rini, irin wanda ake bugawa har ya riƙa ƙyalli, ta ce ya fi shekara a adaka tana jiran ranar da ta dace da shi. Motata ta hannu ce, cikin waɗanda ake kawowa daga Turai ta bakin teku, amma kujerunta na fata ne masu ruwan madara. Ba zan ɓoye muku ba, kujerun nan ne suka ja ni na saye ta.

Da muka isa ta fita, sai na ga shatin zamanta gaba ɗaya a kan kujera, shuɗi raɗau, tun daga wurin jingina har bakin mazauni. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Kai, Goggo, zanenki ya ɓata mini kujera." A gaban matan da suka fito tarbarta na faɗi haka. Ta waiwayo ta dubi kujerar, ta dube ni, ta ce, "To, ɗana, yi haƙuri, ban sani ba." Da yamma na zo ɗaukarta ta ce za ta kwana. Washegari ta komo a motar haya. Wata huɗu cur, duk sanda na ce zan kai ta asibiti ko unguwa, sai ta ce in bar shi, akwai yaron da zai nemo mata kabu-kabu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta gwammace hawan babur da shiga motar ɗan ƙanenta.

Wannan ita ce ɓarna ta farko. Ta biyu kuwa a wurin wankin mota aka yi ta. Na kai motar kwana uku bayan bikin, bayan ta sha rana a farfajiyar makarantar horar da malamai inda nake koyarwa. Yaron da ya karɓe ta ya ce, "Mushe, kar ka damu, yanzu za ka ga aiki." Ya fara da omo da soso, tabon ya rage kaɗan. Ya ɗauko ruwan jabel, ya ƙara gogawa. Da ya ga akwai saura sai ya tsoma tsumma a isansi ya dirje wurin da ƙarfinsa. Shuɗin ya tafi, gaskiya ne, amma ya tafi da launin kujerar. Wurin ya koma toka-toka, yana danƙo in an taɓa, bayan ƴan makonni kuma ya fara tsagewa kamar ƙasar tabki da rani. Ni ma ina tsaye ina kallo, har ina ce masa ya ƙara gogawa ta nan. Garin gyaran gira muka rasa ido.

Tun daga lokacin na zauna na nemi sanin abin da ya faru, kuma abin da na gano shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: tabon rini a kan kujerar fata ƙaramin abu ne, ana iya hana shi da tsumma ɗaya, ana iya fitar da mafi yawansa da ruwa da ɗan sabulu in an yi da wuri. Abin da ke mai da shi babba shi ne rashin sani da gaggawar mai mota. Kuma nauyin kiyaye kujera yana wuyan wanda ya zaɓi farar kujera a ƙasar masu rini. Fasinja ba shi da laifi a ciki.

Mu fara da rinin kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya ga abin mamakin da marina suka saba da shi: ana fito da zane daga karofi yana kore-kore, sai ya riƙa komawa shuɗi a gaban idonka yayin da iska ke bugunsa. Dalili shi ne shunin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa. Sai an jiƙa shi da ruwan toka ya ruɓa na kwanaki kafin ya sake kama, ya narke, ya shiga zare. Da ya haɗu da iska sai ya koma yadda yake tun farko, ƙananan ƙwayoyi da suka maƙale a jikin zaren da tsakanin silinsa. Ke nan shuni bai haɗe da auduga ya zama jiki ɗaya da ita ba, zama kawai yake yi a kanta. Shi ya sa gogayya kaɗan take kwaso shi.

A wajen zanen da ake bugawa abin ya fi haka. Masu bugu sukan ƙara garin shuni a kan zanen su yi ta dukansa da tabarya a kan gungume har ya ɗauki wannan ƙyalli mai kama da ƙarfe. Turkudin da garin Kura na kusa da Kano ya yi suna da shi, wanda ƴan uwanmu Abzinawa ke naɗawa, haka ake yin sa, kuma shunin da yake bari a fuska da wuya shi ya sa Turawa suke kiransu shuɗɗan mutane. A wurin mai irin wannan tufa, zubar da yake yi alama ce ta cewa an ƙosar da shi da shuni. Goggo ba ta sa zane mai aibi ba. Ta sa mafi darajar abin da take da shi.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta kayan gargajiya ce kaɗai. Wandon jins da ɗalibaina suke sawa, wanda aka yi wa rajista a Amurka tun 1873, da shuni ake rina shi, sai dai na masana'anta, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Masu saƙa jins da gangan suke rina bayan zaren kawai su bar cikinsa fari, don wandon ya riƙa koɗewa a gwiwa da cinya yadda samari ke so. Wannan koɗewar wani wuri launin yake tafiya, kuma in kana da farar kujera, can yake zuwa. Haka sabuwar shadda mai duhu da aka rina ba a ɗauraye da kyau ba, da baƙar abaya mai araha, da jakar hannu, da bel ɗin fata mai baƙin fenti da ke barin layi a wurin jingina. A Turai ma, inda aka ƙera motocin nan, masu fararen kujeru suna kuka da jins. Mu dai namu ya fi yawa ne saboda dalili biyu: zafi da gumi.

Zafi yana tausasa abin da aka shafe kujerar da shi, gumi kuma yana jiƙa tufa ya sassauta rinin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, cikin motar da aka rufe aka bari a rana yana iya haura digiri 60. Tabon da aka bari a cikin irin wannan tanda ba ya zama a sama. Kullum ƙara nutsewa yake yi. Kwana ukun da na yi ina jan ƙafa kafin in kai motar wanki sun fi zanen Goggo yi wa kujerar illa.

To, mece ce ita kanta wannan kujerar? A nan ne yawancinmu muke kuskure, kuma kuskuren namu yana da asali. Mu mutanen fata ne. Fatar jar akuyar Maraɗi sananniya ce a duniya saboda laushi da ƙarfinta, kuma fatun awakin ƙasar Hausa da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da su ne Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Majemanmu suna jima da bagaruwa, dukawanmu suna ɗinka takalma da jakunkuna da sirdi. Irin wannan fata a buɗe take: tana shan ruwa, tana shan mai, in ta bushe ka shafa mata man shanu ko man gyaɗa ta yi laushi. Sai muka ɗauka kujerar mota ma haka take.

Fatar mota daban ce. Galibi fatar saniya ce da aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta, sannan aka fesa mata fenti mai launin da ake so, sannan aka rufe fentin da wani siririn shafi mai kama da roba, wanda ido ba ya gani. Abin da hannunka ke taɓawa wannan shafin ne, fatar tana can ƙasa. A motoci da yawa ma tsakiyar kujerar ce kaɗai fata, gefuna da baya roba ce da aka yi wa zanen fata. Kana iya gwadawa da kanka: ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan kujera. In ya tsaya ya dunƙule, to mai shafi ce, kuma kusan duk motocin da ke yawo a titunanmu haka suke. In ya nutse ya bar duhu, to buɗaɗɗiyar fata ce, wadda sai a wasu motoci masu tsada ƙwarai, kuma wannan kada ka taɓa ta da komai, nemi wanda ya san aikin.

In ka fahimci wannan, sauran bayani mai sauƙi ne. Rinin tufa yana fara zama a kan shafin nan na sama. A wannan matakin wanki yana fitar da shi. In ya daɗe, ya sha zafi, sai ya shige cikin shafin. A wannan matakin wanki yana rage shi ne kawai. Duk abin da yake da ƙarfin da zai ciro rinin daga cikin shafin, yana da ƙarfin narkar da shafin kansa. Isansi, da tina ta masu fenti, da ruwan goge jan farce na mata, duk aikinsu ke nan: narkar da fenti da roba. Lokacin da yaron nan ya ga shuɗi ya ɓace ya yi murna, bai san cewa rigar kujerar ya tuɓe ba.

Jabel da omo kuma ta wata hanya suke cutarwa. Akwai ma'aunin da muke koya wa ɗalibai a darasin kimiyya, ana ce masa pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana tsakiya, a 7. Abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, abin da ke sama yana ɓangaren kanwa da toka. Fatar da aka jeme tana wajen 4 zuwa 5, wato tana da ɗan tsami. Garin omo da aka dama yana wajen 10, jabel ya wuce 11. Irin waɗannan suna cinye shafin a hankali, suna koɗar da fenti, in kuma suka bi ta ɗinki ko tsaga suka kai ga fatar sai su busar da ita ta yi tauri ta karye. Suna kuma raunana zaren ɗinkin. Soson ƙarfe da soson wanke tukunya kuwa kankare shafin suke yi kamar yadda kafinta ke goge katako. Har wannan farin soso mai laushi da ake sayarwa a kantuna ana cewa yana goge komai, da kankara yake aiki, shi ya sa yake barin wurin ya dushe.

Yanzu ga abin da ya kamata a yi, kuma na gwada shi da hannuna a motar wani abokin aikina da sabon jins ɗin ɗansa ya yi wa shuɗi a gefen kujerar gaba.

Da farko a kai motar inuwa, a buɗe ƙofofi, a bari kujera ta huce. Ba a wanke kujera mai zafi, don ruwan zai bushe kafin ya yi aiki, shafin kuma yana da rauni a lokacin. Sannan a kakkaɓe ƙura da rairayi sosai, musamman cikin ɗinki. Rairayin da iskar hunturu ke tarawa, in ka goga tsumma a kansa, shi zai karce maka kujerar.

A samu ruwa mai ɗan ɗumi kamar lita ɗaya, a ɗiga masa sabulun ruwa mara kaifi, irin na wankan jarirai, ɗigo kaɗan, a kaɗa har ya yi kumfa. In akwai halin sayen ruwan wanke fatar mota na musamman a shagon kayan mota, ya fi. A nemi farin tsumma na auduga mai tsabta, tsohuwar farar singileti ma ta isa. Dole ya zama fari, saboda dalili biyu: tsumma mai launi zai iya ƙara nasa rinin, farin kuma shi zai nuna maka abin da ke fita. Kafin a taɓa tabon, a gwada a wani ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan kujera ta baya, a ga ko launin kujerar yana bin tsumman.

Sai a ɗebi kumfar, a shafa a kan tabon, a bar ta kamar minti ɗaya, a riƙa zagayawa a hankali da tsumman ko da buroshi mai laushi sosai, daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa. Ba a dannawa. A riƙa duba tsumman: in ka ga shuɗi a jikinsa, aiki na tafiya, ka juya wani gefe mai tsabta ka ci gaba, don kada ka mayar da abin da ka ciro. In ka ga launin kujerar a jikin tsumman, tsaya nan take. Bayan haka a goge da wani tsumman da aka jiƙa da ruwa zalla aka matse, a tsane da busasshe, a bari ta bushe a inuwa. Kada a kwarara ruwa, musamman a kujerun da ke da ƙananan huji, domin a ƙarƙashinsu akwai soso da wayoyin lantarki. In tabon ya rage bai fita duka ba, a maimaita, yau da gobe da jibi. Wanki mai sauƙi sau biyar ya fi dirza ɗaya mai ƙarfi. A motar abokina sau uku muka yi, kuma da yake tabon bai kwana biyu ba, ya fita har ba ka gane wurin.

Idan an yi duk wannan akwai saura, mutane sukan koma ga alkol na farmasi. Gaskiya yana ciro rini, amma shi ma yana taɓa shafin. Wanda ya ga dole sai ya yi, to ya surka shi da ruwa, ya gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, ya yi amfani da ɗan auduga yana dangwalawa sau ɗaya ko biyu ba tare da gogawa ba, ya bi da ruwa nan da nan. Ni dai shawarata, in ka kai wannan matakin, ka tambayi kanka ko ɗan inuwar shuɗin da ya rage ya kai ka yi caca da kujerar gaba ɗaya. Tabon da ya shige ciki maganinsa na gaskiya shi ne a sake fesa wa wurin fenti da shafi na fata, kuma wannan aikin mai sana'a ne da ke da kayan aikin. Akwai kuma masu cewa a shafa man kaɗe ko man gyaɗa bayan wanki don fata ta yi laushi. A kan kujera mai shafi man ba ya shiga, zama yake yi a sama yana kama ƙura, ya ɓata rigar wanda zai zauna gaba.

Rigakafin kuwa ya fi duk wannan arha. Farin tawul ko tsohon farin zanen gado da aka ninke aka ajiye a mota ya isa. Ranar biki, ranar salla, ranar da ka sa sabuwar shadda, ka shimfiɗa shi tun kafin kowa ya shigo. Goge kujeru da ɗanyen tsumma sau ɗaya a mako yana kwashe rinin da ke taruwa kaɗan-kaɗan tun ido bai fara ganinsa ba, musamman gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita. A nemi inuwa wajen ajiye mota, ko a rufe gilashin gaba. Sabon jins ko sabon yadi mai duhu a wanke shi shi kaɗai sau biyu ko uku kafin a fara sawa. Wanda yake son ya san ko tufarsa tana zuba, ya jiƙa farin tsumma ya goga a cikin kalmasa, amsa za ta fito a take. Jiƙa tufa a ruwan gishiri da mata da yawa ke yi ba ya ɗaure shuni a jikin zare, ɗaurayar da ake yi ce ke tafiya da rarar rinin. Mai son sa wa kujeru riga gaba ɗaya kuma ya lura: kujerun gaba na motoci da yawa suna da jakar iska ta kariya a gefensu, wadda ke fashewa ta fito lokacin haɗari, kuma rigar da aka ɗinke ta rufe wurin tana iya hana ta fita. A gaya wa mai ɗinkin ya bar mata hanya. Rigar ma a tabbata ba mai zuba ba ce, don na ga inda jar rigar kujera ta rina kujerar da aka saye ta don ta kare.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, Mushe, a ƙasar da mutane ke fama da tsadar hatsi, kai kana rubutu a kan kujerar mota? Tambaya ce mai kyau, kuma ga amsata. Mota a wurin yawancin masu ita a nan jari ce. Ma'aikaci yakan yi shekaru yana tari ko ya ci bashi kafin ya saya, kuma ranar da buƙata ta taso ya zo sayarwa, abin da mai saye ke fara leƙawa bayan inji shi ne cikin motar. Kujera ɗaya da ta ƙone tana iya rage masa kuɗin da ya fi albashinsa na wata. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato yaron da ke wanki. In ya lalata kujerar wani mai zafin rai, a ranar zai rasa aikinsa, wani lokaci har a ce sai ya biya abin da bai taɓa riƙe irinsa ba. Yaran nan babu wanda ya koya musu komai. An ba su bokiti da omo da tsumma aka ce su yi. Ni malami ne, aikina horar da masu koyarwa, kuma na san cewa wanda ba a koya wa abu ba, ba a kama shi da laifin rashin iyawa. Masu wuraren wanki su ne ya kamata su zauna da yaransu rabin awa su nuna musu abin da na lissafa a sama, su kuma hana jabel da isansi shiga cikin mota. Cibiyoyin koyon sana'a da ke koyar da kanikanci da ɗinki ma babu abin da zai hana su ƙara wannan a darasinsu.

Wasu kuma za su ce laifin marina ne da ƴan kasuwa masu kawo yadi mara kyau. Akwai gaskiya a nan. Akwai masu rinin da ke gaggawa, ba sa ɗauraya yadda ya kamata, akwai yadin da ko gumi kaɗan ya taɓa shi sai ya rina maka singileti. Mai saye yana da haƙƙin ya gwada kafin ya biya, kuma marinin da ke tsabtace aikinsa ya cancanci a fifita shi. Amma wannan hujjar ba ta hau kan zanen bugu ba, ba ta hau kan jins ba, domin su zubar tana cikin yadda ake yin su. Shuni ya riga mota zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. Marinar Ƙofar Mata a Kano har yau tana aiki, kuma masu ita suna danganta kafuwarta da shekarar 1498. Wanda ya kawo farar kujera cikin mutanen da ke sa shuni, shi ne baƙo, shi ya kamata ya yi shiri.

Akwai kuma masu cewa mafita ita ce a daina sayen mota mai farar kujera. Wanda ya zaɓi haka bai yi laifi ba, amma ya sani baƙar kujera ma tana ɗaukar rinin, ɓoye shi kawai take yi, kuma a rana irin tamu ta fi zafi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa zama a kan baƙar fata da azahar a watan Mayu ya san abin da nake nufi. Farar kujera tana da amfaninta a ƙasa mai zafi. Kuɗinta shi ne ɗan kula, kuma mai motar ne zai biya.

Abin da ya fi damuna shi ne wata ɗabi'a da na fara gani a tsakaninmu masu ƴan motoci, wadda ni ma na faɗa cikinta. Mutum ya tsaya zai rage wa wani hanya, amma idonsa na kan rigar mutumin. Wani ya ce wa matarsa ta canza zane kafin ta shiga. Wani ya wuce dattijon unguwarsu a bakin hanya ranar Juma'a don ya ga babbar rigarsa sabuwa ce mai shuni. A garuruwanmu, inda mota ɗaya take yi wa dangi gaba ɗaya hidima, ta kai mai naƙuda asibiti, ta kai amarya, ta kai mutane jana'iza, wannan ɗabi'a tana ɓata abin da ya fi kujera wuyar gyara. Shimfiɗa tawul ma akwai yadda ake yin sa. In ka jira sai mutum ya zo shiga sannan ka zaro tawul kana kallon rigarsa, ka zage shi ba ka buɗe baki ba. In ya tarar da shi a shimfiɗe a kan dukkan kujerun, har da taka, babu wanda zai ji komai.

Kujerata dai na kai ta wurin mai ɗinkin kujerun mota, ya cire fatar da ta ƙone ya sa roba mai kama da launin. Duk wanda ya duba da kyau zai ga bambanci, kuma kuɗin da na biya ya isa ya sayi tawul na shekara goma. Wajen Goggo kuwa sai da na je har ɗakinta na zauna a ƙasa na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "Ai ni na manta, ɗana." Ba ta manta ba, magana zarar bunu ce, amma ta yafe. Da bikin suna ya taso a Mirriya na roƙe ta ta sa wannan zanen, na je ɗaukarta da farin zanen gado a shimfiɗe tun daga gida. Da ta sauka na naɗe shi da shuɗinsa na ba yara su wanke.